Faifan da ya fito daga tsohon RAID: a share hatimi kawai, a rubuce shi duka, ko a yi masa fomatin daga tushe?

Faifan kwamfuta da aka zare daga haɗin RAID, wato tsarin da ke haɗa faya-fayai da yawa su yi aiki kamar ɗaya, ba ya fitowa fanko, ko da an goge duk fayilolin da ke kansa. Katin RAID, ko manhajar da ta haɗa shi da sauran, na bar masa hatimi a wani lungu: lambar haɗin, matsayinsa a jeri, girman gutsuren da ake yanka bayanai da shi, da yawan faya-fayan da suke tare. Wannan hatimin ne ke sa sabon kati ya ƙi faifan ya liƙa masa Foreign. Shi ne ke sa Linux ya amsa da “Device or resource busy” alhali babu wanda ya buɗe faifan, ya kuma sa wani haɗi mai suna md127 da ba ka ƙirƙira ba ya riƙa fitowa duk lokacin da aka kunna kwamfuta.

Hanyoyin gyara huɗu ne. A sa katin ya share da kansa, a share hatimin da umarnin da ya san inda yake, a rubuce faifan tun daga farko har ƙarshe, ko a sa faifan ya yi wa kansa fomatin na can ƙasa. Biyun farko aikin daƙiƙoƙi ne, ta uku sa'o'i, ta huɗu kuwa tana iya cin yini guda, kuma idan wuta ta ɗauke a tsakiyarta faifan ba zai karantu ba sai an sake daga farko. Da yawa kan zaɓi mai tsawo don suna ganin tsawon aiki shi ne tabbas. Ba haka ba ne. Akwai matsalar da sa'a goma na rubuta sifiri ba za su taɓa ba, akwai kuma wadda umarni guda zai kashe amma ya bar ka da faifai mai ciwo a cikin sabon haɗi.

Kafin a goge komai

Abu na farko, a tabbata babu mai buƙatar abin da ke kan tsohon haɗin. Hatimin shi ne ke riƙe da jerin faya-fayan da girman gutsure, kuma da zarar ya tafi, dawo da RAID 5 ko RAID 6 ya zama aikin lalube. Na biyu, a gane faifai da lambar da ke jikinsa, kada a dogara da sdb ko sdc, domin waɗannan sunayen kan sauya tsakanin kunnawa da kunnawa.

`lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL,FSTYPE`
`wipefs -n /dev/sdX`
`mdadm --examine /dev/sdX /dev/sdX?`
`cat /proc/mdstat`

A nan da ma gaba, sdX yana madadin sunan faifanka ne. Babu ɗaya cikin waɗannan umarnin na Linux da ke rubuta komai. Abin da wipefs ya nuna shi zai gaya maka wanda ya yi hatimin: linux_raid_member na mdadm ne, manhajar RAID ta Linux, isw_raid_member na Intel ne wanda ake kunnawa daga BIOS, ddf_raid_member na katunan da ke bin tsarin DDF ne, sai zfs_member na tsarin fayil ɗin ZFS da LVM2_member na LVM, manhajar Linux mai tara faya-fayai a rukuni. A jona faifan kai tsaye a ramin SATA na allon kwamfuta ko a katin HBA da ba ya yin RAID. Akwatin USB ba wurin wannan aiki ba ne: wasu na nuna wa kwamfuta sekta, wato mafi ƙanƙantar yankin da ake karantawa ko rubutawa a faifai, mai bait 4096 a madadin 512, wasu na datse 'yan sektoci a ƙarshen faifai, kuma a ƙarshen ne yawancin hatimai suke.

Inda hatimin yake zaune

Duk zaɓin ya rataya ne a kan wannan. mdadm kaɗai yana da wurare huɗu. Sigar 1.2, wadda ita ce ake samu idan ba a zaɓi wata ba, tana zaune kilobait 4 daga farko. Sigar 1.1 tana bakin farko daidai. Sigar 1.0 tana tsakanin kilobait 8 zuwa 12 daga ƙarshe, tsohuwar 0.90 kuma tsakanin kilobait 64 zuwa 128 daga ƙarshe. Intel yana ajiye nasa a sektocin ƙarshe. DDF yana kafa turke a sekta ta ƙarshe, sauran bayanansa na ciki kaɗan, kuma katunan MegaRAID da PERC na Dell suna keɓe kimanin megabait 512 a wutsiyar faifai don kansu. ZFS yana rubuta lakabi huɗu, kowane kilobait 256, biyu a farko biyu a ƙarshe. Shi ma teburin GPT, wanda ke riƙe da jerin fatishan, wato sassan da aka yanka faifai, yana da kwafi na biyu a sektoci 33 na ƙarshe.

Daga nan za a ga dalilin da ya sa shawarar nan da ta yaɗu, ta a rubuta sifiri a megabait ɗari na farko, take yawan kasawa. Ta goge kai ta bar wutsiya.

Akwai tarko na biyu da ya fi wannan kama mutane. Duk waɗannan ma'aunai ana ƙirga su ne daga bakin abin da aka sa a cikin haɗin, kuma sau da yawa fatishan ne aka sa, ba faifan gaba ɗaya ba. Idan sdb1 ne ɗan haɗin, hatiminsa yana kilobait 4 cikin sdb1. Ka goge teburin fatishan, wipefs ya ce faifai fes yake, ka yanka sabon fatishan wanda shi ma ya fara daga sekta ta 2048 kamar na da, sai ga tsohon haɗi ya farfaɗo nan take ya riƙe faifan. Faya-fayan da suka fito daga akwatin ajiyar bayanai na Synology ko QNAP sun fi kowa wannan hali, domin kowannensu na ɗauke da haɗin mdadm fiye da ɗaya. A Synology akwai na manhajar akwatin, da na swap, da na bayanai wanda ke farawa bayan gigabait huɗu da 'yan kai a tsohon tsarin akwatin, ya fi haka nisa a sabo. Ƙa'idar ita ce a share daga ciki zuwa waje: LVM, sannan haɗin md, sannan kowane fatishan, teburin fatishan a ƙarshe.

Katin ya share da kansa

Idan faifan zai ci gaba da zama a bayan katin RAID, wannan ita ce hanyar da ta dace, kuma wani lokaci ita kaɗai ce ke aiki. Katin ba ya nuna wa Linux ko Windows ainihin faifan, faifan da ya ƙera yake nunawa, kuma yankin da ya keɓe a wutsiya ba ya ciki. Komai yawan rubutun da za a yi da umarnin dd ta cikinsa, sifirin ba zai kai ga hatimin ba.

A katunan Broadcom da LSI umarnin storcli ne, a na Dell perccli, kuma rubutunsu ɗaya:

`storcli /c0/fall show`
`storcli /c0/fall import preview`
`storcli /c0/fall del`

Na farko ya nuna baƙin haɗin da katin ya gani, na biyu ya nuna abin da zai dawo idan an shigo da shi, na uku ya share. Wanda har yanzu ke kan tsohon MegaCli zai yi amfani da `-CfgForeign -Scan` da `-CfgForeign -Clear`. Bayan sharewa faifan ya kamata ya koma UGood, wato lafiyayye da ba ya cikin kowane haɗi. In ya tsaya a UBad, `storcli /c0/e252/s3 set good force` zai mayar da shi, da lambar akwati da ta rami irin naka, amma a fara tambaya me ya sa katin ya kira shi mara kyau tun farko.

Haɗarin wannan hanya babba ne kuma ba a faɗinsa yadda ya kamata. Umarnin sharewa ba ya zaɓar faifai, duk wani baƙon tsari da ke kan katin yake kwashewa. Kuma kati kan kira nasa faya-fayan Foreign idan waya ta yi sako-sako ko wuta ta yanke wa wasu ramuka na ɗan lokaci. A irin wannan hali abin da ake buƙata shigowa da su ne, sharewa kuwa rusa haɗi mai rai ne. Saboda haka ba ma sharewa a sabar da ke aiki sai an gwada lambobin faya-fayan da `show` ya nuna da waɗanda aka saka da hannu, ɗaya bayan ɗaya. In akwai wata na'ura da ba ta ɗauke da komai, a yi aikin a can.

Wani abin da kan tsayar da aiki shi ne ragowar bayanan da katin ya riƙe a ma'ajiyarsa don haɗin da ya ɓace. Muddin suna nan zai ƙi ƙirƙirar sabon haɗi. `storcli /c0 show preservedcache` zai nuna su, a zubar da su idan an tabbata tsohon haɗin ba zai dawo ba.

RAID na Intel da ke kan allon kwamfuta shi ma yana da nasa. A tsofaffin na'urori Ctrl+I ake dannawa lokacin tashi, a zaɓi Reset Disks to Non-RAID, a sababbi kuma yana cikin shafin Intel RST na UEFI. Sauya BIOS daga RAID zuwa AHCI ba ya goge komai a kan faifan, shi ya sa manhajar girka Linux kan ci gaba da ɓoye faifan ko ta nuna shi da wani dogon suna.

Iyakar wannan hanya: hatimi kaɗai take cirewa. Bayanan na nan. Ko saurin shiryawar da PERC ke yi wa sabon haɗi megabait 8 na farko da 8 na ƙarshe kawai yake rubucewa.

Share hatimi da umarnin da ya san shi

Ga faifan da zai koma Linux, ZFS ko Windows ba tare da katin RAID ba, nan ake farawa. Sai an saki faifan tukuna, domin yawancin “busy” daga haɗin da ya tayar da kansa yake fitowa:

`vgchange -an sunan_rukuni`
`mdadm --stop /dev/md127`
`mdadm --zero-superblock /dev/sdX1`
`wipefs -a -b /dev/sdX1`
`sgdisk --zap-all /dev/sdX`
`wipefs -a -b /dev/sdX`

Idan har yanzu yana riƙe, a duba `dmsetup ls`. Tsohon dmraid ko multipath na iya kama faifan, musamman na SAS, irin faifan da ake sa wa sabar, kuma `dmsetup remove` ko `multipath -f` zai sake shi. Idan mdadm ya ce “Unrecognised md component device”, galibi an nuna masa faifan ne alhali hatimin na kan fatishan, ko akasin haka. Ga ZFS, `zpool labelclear -f` a kan fatishan ɗin da ke ɗauke da lakabin.

Tsakanin wipefs da mdadm akwai bambanci da ya kamata a sani. wipefs 'yan bait ɗin da ake gane hatimi da su kawai yake gogewa, ga mdadm bait huɗu ne cak: fc 4e 2b a9. Kamar a kankare suna daga bangon littafi ne, shafukan ciki na nan yadda suke. Wannan alheri ne idan an yi kuskure, domin `-b` yana ajiye kwafin abin da ya goge a babban kundin mai amfani (home), kuma ana iya mayar da shi da dd. Amma wipefs abin da ya sani kawai yake gani. Hatimin wani kati da ba ya cikin jerinsa zai wuce shi, ya ce faifai a share yake.

Domin haka ne muke ƙara rubuce kai da wutsiya ga duk faifan da ya fito daga katin RAID ko wanda ba a san asalinsa ba:

`dd if=/dev/zero of=/dev/sdX bs=1M count=1024`
`dd if=/dev/zero of=/dev/sdX bs=1M seek=$(( $(blockdev --getsize64 /dev/sdX) / 1048576 - 1024 ))`

Gigabait ɗaya a kowane gefe, ƙasa da minti ɗaya gaba ɗaya, kuma ya rufe megabait 512 na MegaRAID da rara. Na biyun zai ƙare da “No space left on device”, wanda shi ne shaidar cewa ya kai sekta ta ƙarshe. Wannan ba ya maye gurbin share cikin fatishan. Hatimin da ke gigabait huɗu a ciki ba ya cikin kai, ba ya cikin wutsiya.

A Windows, `clean` na diskpart yana cire bayanan fatishan, `clean all` kuma yana rubuce faifan duka. A yi `detail disk` bayan `select disk` kafin a danna ko ɗaya, domin diskpart ba ya tambaya sau biyu. Faifan da ya fito daga Storage Spaces zai ƙi shiga sabon rukuni, `Get-PhysicalDisk` ya nuna CanPool a False, har sai an yi masa `Reset-PhysicalDisk`.

Bayan an gina sabon haɗi akwai sauran abu guda. Idan an yi shi da faya-fayan da, a jerin da, da girman gutsure iri ɗaya, tsohon tsarin fayil ko tsohon LVM na iya bayyana a cikin sabon md0 kamar bai taɓa tafiya ba. A yi `wipefs -a /dev/md0` kafin a ƙirƙiri sabon tsarin fayil da mkfs.

Rubuce faifan duka

Idan hatimi ne kaɗai matsalar, wannan ɓata lokaci ne. Faifai mai terabait 4 da ke rubutu a matsakaicin megabait 150 a daƙiƙa zai ci kusan sa'a bakwai da rabi, mai terabait 12 a megabait 190 kuma sa'a goma sha bakwai da rabi. Duk da haka, ga faifan da zai shiga sabon haɗi, muna ganin wannan lokacin ya cancanci a kashe shi, saboda dalilai uku da ba su shafi hatimi ba.

Na farko lafiyar faifan. Wanda ya yi shekaru a RAID yana iya ɗauke da sektocin da suka raunana ba wanda ya sani, domin ba a karanta su ba tun da daɗewa. Rubutu a kansu ne ke tilasta wa faifan ya yanke hukunci, ko ya gyara sektar ko ya musanya ta da ta ajiya. Gara hakan ta faru yanzu da ta faru ranar da ake sake gina haɗi bayan wani faifan ya mutu. A ɗauki rahoton SMART, wato bayanan lafiyar faifai, da `smartctl -a` kafin a fara da bayan an gama, a gwada lamba 5 ta sektocin da aka musanya, 197 ta masu jiran hukunci, 198 da 187 na karatun da ya gagara. A faifan SAS layin “Elements in grown defect list” ake dubawa. Lamba 199 kuwa laifin waya ko rami ne, ba na faifai ba, kuma faya-fayai masu lafiya da yawa an kore su daga haɗi saboda ita. Idan 197 ta koma sifiri kuma 5 ba ta motsa ba, faifan ya tsira. Idan 5 ta hau yayin gwajin, ba ma sa shi a RAID, ko da adadin kaɗan ne. Hawan ne abin tsoro, fiye da lambar kanta.

A nan badblocks ya fi dd, domin yana karanta abin da ya rubuta. Yadda yake zuwa, `-w` na rubuta zane huɗu, 0xaa, 0x55, 0xff da 0x00, yana karanta kowane, wato zagaye takwas, kimanin kwana biyu da rabi ga terabait 4. Zane ɗaya ya wadatar ga yawancin buƙatu:

`badblocks -wsv -b 4096 -t 0 /dev/sdX`

Zagaye biyu ke nan, wajen sa'a goma sha biyar. Dole a sa `-b 4096` a manyan faya-fayai, in ba haka ba ƙirgarsa za ta cika ya ƙi farawa. A bi shi da `smartctl -t long`. Ana iya gudanar da faya-fayai da yawa a lokaci guda, kowane a tagarsa, amma a sa musu fanka, domin rubutun sa'o'i na ɗumama faifan da ke ajiye a fili ba iska.

Dalili na biyu sirri. Kada a ɗauka faifai ɗaya daga RAID 5 ba ya karantuwa. Gutsuren mdadm kilobait 512 ne idan ba a sauya ba, kuma takarda, hoto ƙarami ko fayil ɗin kalmomin sirri na iya zama cif a cikin gutsure guda. Na RAID 1 kuwa cikakken kwafi ne. Duk faifan da zai bar hannunka a rubuce shi duka. Zagaye ɗaya ya isa ga faifan maganaɗisu na zamani, kuma jagorar NIST 800-88 ta Amurka ta 2014 ma haka ta ce.

Na uku, lokacin yana dawowa. Sabon RAID 5 ko 6 a mdadm sai ya bi faya-fayan duka yana lissafin parity, bayanan da ake dawo da abin da ya ɓace da su idan faifai ya mutu, kafin ya daidaita. Idan dukkansu sifiri ne, lissafin ma sifiri ne, don haka ana iya ƙirƙirar haɗin da `--assume-clean` a tsallake wannan jira. Sharaɗin shi ne kowane faifai an rubuce shi har ƙarshe. A kan faya-fayan da hatimi kawai aka share musu, wannan zaɓin na barin parity na ƙarya wanda ba zai nuna kansa ba sai ranar da aka buƙace shi.

SSD ba ya bin wannan lissafi. Rubuce shi da dd na cin rayuwarsa kuma ba ya kai ga ma'ajiyar da ya ɓoye. `blkdiscard` ya isa don sake amfani, `nvme format -s 1` ko Secure Erase kuma idan ana son a tabbata bayanan sun tafi.

Lokacin da sifiri ba ya shiga

Akwai faya-fayan da hanyoyi ukun nan ba sa ko kama su, kuma a nan ne kaɗai fomatin na ƙasa ke da hujja.

Faya-fayan SAS da suka fito daga manyan akwatunan ajiya irin na NetApp ko EMC galibi sektarsu bait 520 ce, wasu na IBM 528, domin ana ajiye lambar tantancewa a ragowar. Linux zai rubuta “Unsupported sector size 520” a dmesg ya nuna girman faifan sifiri, katin RAID kuma ya ce bai san shi ba. Maganin yana cikin sg3_utils:

`sg_scan -i`
`sg_format --format --size=512 /dev/sgN`

Sai ta katin HBA, domin katin RAID kan tare umarnin. Yana ɗaukar sa'o'i, faifan da kansa ke yin aikin, kuma ba a kashe masa wuta har ya gama. Idan an kunna masa kariyar T10, wadda `sg_readcap -l` zai nuna, a ƙara `--fmtpinfo=0` a kashe ta a tafiya guda. Kada a yi wa faifan da sektarsa 512 ce tun asali wannan aiki don neman tsabta kawai, babu abin da zai ƙara a kan badblocks.

Na biyu faifai mai rufe bayanansa da makulli, wanda tsohon kati ya kulle. Zai bayyana a matsayin baƙo kuma a kulle, ba ya karantuwa ba ya rubutuwa. Idan makullin ya tafi da tsohon katin, bayanan sun tafi, amma faifan bai mutu ba. `storcli /c0/e252/s3 secureerase force` na sauya makullin cikinsa cikin daƙiƙoƙi, ko a yi amfani da sedutil da lambar PSID mai haruffa 32 da ke buge a takardar jikin faifan.

Na uku ɓoyayyen yanki a wutsiya. `hdparm -N /dev/sdX` na nuna lamba biyu, sektocin da ake gani da na ainihi. In sun bambanta, an kunna HPA, wato wannan ɓoyayyen yankin, kuma wasu tsofaffin allunan Gigabyte sun yi suna wajen yin haka da kansu don ajiye kwafin BIOS. Illarsa biyu: faifan ya gaza 'yan uwansa girma har mdadm ya ƙi shi, kuma tsohon hatimi na iya kwanciya a yankin da aka ɓoye, ya fito ranar da aka buɗe. A cire HPA tukuna, sannan a share wutsiya. Secure Erase ta hdparm ma tana nan ga faifan SATA, amma tana buƙatar a sa kalmar sirri kafin a fara, kuma in aikin ya katse faifan zai tashi a kulle da ita. Ba a yin ta ta USB.

Wani lokaci kuma babu ruwan hatimi ko fomatin. Faifan SAS ba ya aiki a ramin SATA ko da an sami mahaɗin da ya shiga. Manyan faya-fayan SATA na sabar da yawa suna ɗaukar wutar 3.3V a fil na uku a matsayin umarnin su kashe kansu, sai su ƙi juyawa sam a kan tsohon akwatin wuta. A rufe fil ɗin da siririn tef na Kapton, ko a ba shi wuta ta mahaɗin Molex wanda ba ya ɗauke da 3.3V.

Wane faifai ne ya cancanci komawa RAID

Faifai ya tsabtatu ba yana nufin ya dace da sabon haɗi ba. `smartctl -l scterc /dev/sdX` zai nuna ko yana iya taƙaita lokacin da yake ɓatawa a kan sekta mai gardama. Masu iyawa a sa musu `scterc,70,70`, wato daƙiƙa bakwai, a kuma sa umarnin ya riƙa gudana a kowace kunnawa domin da yawa na mantawa idan wuta ta ɗauke. Marasa iyawa kan yi shiru fiye da daƙiƙa 30 da Linux ke jira, a kore su daga haɗi alhali sekta ɗaya ce ta gagara. Ga irinsu a ɗaga `/sys/block/sdX/device/timeout` zuwa 180. Faifan SMR, mai rubuta layukan bayanai suna hawa kan juna, irin WD Red masu terabait 2 zuwa 6 da lambarsu ta ƙare da EFAX waɗanda aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansu a 2020, gara a bar shi ya zama faifan ajiye kwafi shi kaɗai, domin dogon rubutun sake gina haɗi na durƙusar da shi.

Faya-fayan da suka fito daga haɗi ɗaya yawanci sa'o'in aikinsu ɗaya ne, zafin da suka sha ɗaya, sau da yawa ma rana ɗaya aka ƙera su. Lamba 9 a SMART za ta nuna hakan. Idan za a mayar da su tare, RAID 6 ko RAIDZ2 na ZFS ya fi RAID 5 hankali, ko a gauraya su da waɗanda shekarunsu suka bambanta. A kuma yanka fatishan ya gaza cikar faifan da kamar megabait 100, don wanda zai maye gurbi wata rana ya shiga ko da ya ɗan gaza.

Idan a na'urar da tsohon haɗin ya zauna ake aikin, tana da nata ragowar. A cire layin ARRAY na tsohon haɗi daga mdadm.conf, a cire UUID ɗinsa, wato lambar shaidarsa, daga fstab, jerin faya-fayan da ake buɗewa a kowace kunnawa, sannan a sabunta initramfs, ƙaramin tsarin da Linux ke fara tashi da shi, da `update-initramfs -u` a Debian da Ubuntu ko `dracut -f` a Fedora da RHEL. In ba a yi ba, kwamfutar za ta tsaya minti ɗaya da rabi tana jiran haɗin da babu shi, sannan ta faɗa yanayin gaggawa, ko kuma sabon haɗin ya tashi da sunan md127 maimakon md0 saboda kwafin mdadm.conf da ke cikin initramfs bai san UUID ɗinsa ba.